Amsoshin Wasiƙunku: Ƙwallon Gora A Kan Ƙanƙara, Da Motar Da Ba Ta Iso Ba

  

Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga Riko, cikin ƙaramar hukumar Jibiya. Mai ita manomi ne, ya ce ranar Lahadi kuma yakan kai ɗan abin da ya samu kasuwar Jibiya. Ya roƙi a sakaya sunansa, don yaron da yake magana a kansa ba ya rabuwa da rediyo. To Malam, mun sakaya. Tambaya biyu ya yi. Ta farko, ya ce ɗansa ya nuna masa wasu Turawa a cikin waya suna sulɓi a kan wani farin daɓe mai santsi kamar tangaran, suna bugun wani ɗan abu baƙi da gora. Yaron ya ce ƙanƙara ce suke gudu a kanta, shi kuwa ya ce dabarar 'yan fim ce kawai, suka yi ta gardama har tuwo ya huce. Ta biyu, ya ce samarin garinsu sun kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa, da an gama girbi sai su shiga gasa da ƙauyukan da ke kewaye, yau a je can, gobe a zo nan. An zo masa neman gudummawar kuɗin mota, ga shi kuma ɗan nasa mai shekara 17 yana so ya riƙa bin su. Ya bar shi, ko ya hana?

Malam, kai ka ga tambaya biyu, ni kuwa da na karanta sai na ga amsarsu ɗaya ce. Gyara zama.

Da farko dai, yaronka ya fi ka gaskiya, sai ka yi haƙuri. Ƙanƙara ce sosai, irin wadda ake sayarwa da azumi, sai dai ita wannan shimfiɗa ta aka yi ta cika fili. A ƙasar Kanada, can arewa da Amurka, ruwa yana daskarewa da kansa wata da watanni. Ka san ruwa yakan zama ƙanƙara in ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifiri. To hunturun nan namu da ke sa mu kwana gindin murhu, leɓe ya tsage, kaushi ya buɗe, ko kusa da sifirin nan ba ya zuwa. Su kuwa can yakan gangara ƙasa da sifiri da awo 30, wani lokaci har ya zarce. Tafki yakan sandare har mutum ya taka ya wuce. A kan irin wannan tafki yaransu suke fara koyo. Manyan wasanni kuwa a cikin ɗaki ake yi, an bi ƙarƙashin daɓen da bututu masu sanyi, kamar dai an kwantar da ƙaton firji an zuba masa ruwa a baya. An yi wasan farko mai tsari na cikin ɗaki a birnin Mantiriyal ran 3 ga Maris 1875.

Filin tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85, an kewaye shi da katako. Kowane ɗan wasa yana sanye da takalmi mai ƙarfe a tafinsa kamar kaifin wuƙa, shi ne ke sa shi sulɓi. Mutum shida-shida ne a fili, har da mai tsaron gida. Abin da suke bugu ba ƙwallo ba ne mai iska, wata baƙar roba ce mai tauri, faifai, ba ta wuce girman murfin ƙaramin gwangwani ba, amma in ta sami mutum a baki sai ya tofar da haƙori. Ana yin minti 20 sau uku. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika minti ɗaya ko biyu a ciki sai ya fita wani ya faɗo, ba tare da an tsai da wasa ba. Wanda ya yi ƙeta kuma, alƙali ya tura shi wani ɗan akurki ya zauna minti biyu, 'yan'uwansa su yi ta fama da mutum biyar. Ni wannan hukunci ya burge ni ƙwarai, da ana yinsa a wasu tarurrukan namu da an huta. Kada kuma abin ya zame maka baƙo. Mu Katsinawa da muka san ƙwallon dawaki tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo, mun san bugun ƙwallo da sanda. Mu ma da muna yara mun sha bugun ƙodagon goriba da karkatacciyar gora a dandali. Shi ne dai, aka ɗauke rairayi aka sa ƙanƙara.

To shi ke nan ta farko. Yanzu bari in ba ka labarin kakar wasa guda ɗaya ta samarin ƙauye a can, don a cikinta amsar ta biyu take.

A tsakiyar Kanada akwai wata jiha da ake kira Saskacewan. Kudancinta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, iyakar ganinka gona. Girmanta ya kai wajen kashi biyu cikin uku na Nijeriya, amma mutanenta duka-duka miliyan ɗaya ne da 'yan kai, ba su kama ƙafar Jihar Katsina ba. Manoma ne irinku. Alkama suke nomawa, da wani tsiro da ake matse mai daga 'ya'yansa, da dangin wake. Har ma takin zamani da kuke saye yana da dangantaka da su, don ɗaya daga cikin sinadarai uku da ke cikin buhun NPK, wato fotash, babu inda ake haƙo shi da yawa a duniya kamar jihar nan. Shuka ɗaya suke yi a shekara kamar mu. Su shuka wajen watan Mayu, su girbe kafin ƙarshen Oktoba, daga nan ƙanƙara ta rufe gona. Lokacin sanyinsu shi ne raninsu, ba aikin gona, dare ya yi tsawo, samari ba abin yi. Ka ga inda gasar ta samo asali, kuma ka ga ba ta da bambanci da dalilin da ya sa samarin Riko ke neman fili da an ɗaure dawa.

Suna da gasar samari ta jiha, wadda aka kafa a tsarinta na yanzu a 1968. 'Yan wasan daga shekara 16 ne zuwa 20 ko ɗan sama da haka kaɗan, wato sa'o'in ɗanka. A kakar 2017 zuwa 2018 ƙungiyoyi 12 ne suka shiga, kuma kusan dukkansu na ƙananan garuruwa ne. Ɗaya ma daga cikinsu, ta garin Filin Fulon, a kan iyaka take tsakanin jihohi biyu, ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya can, kamar mutumin Magama. Ana farawa a watan Satumba, a yi ta kai da kawowa har Maris, kowace ƙungiya ta buga wasa fiye da 50, rabi a gida rabi a waje. Wanda ya ci ya sami maki biyu. In an gama, sai a ware na sama su shiga sili-ɗaya-ƙwale, amma ba da wasa ɗaya ake fitar da ƙungiya ba. Biyu za su yi ta karawa, wadda ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai ita ce ta wuce.

Abin da nake so manoma da 'yan kasuwa su kula da shi shi ne wanda ke riƙe da ƙungiyoyin nan. Yawancinsu mutanen gari ne ke da su. Yaran ba albashi ake biyansu ba, burinsu dai a gan su, wata jami'a ta ɗauke su karatu kyauta, ko a yi sa'a babbar ƙungiya ta kira. Da yawansu baƙi ne daga wasu garuruwa, don haka sai iyalai su karɓe su, yaro ya zauna gidan mutumin da bai haife shi ba tun daga farkon kaka har ƙarshenta, ya ci abin da 'ya'yan gida suka ci. Fatake sun san wannan, shi ne mai masauki. Wasu ƙungiyoyin ma gona gare su. Wannan ya ba da fili, wancan ya ba da iri, mai tarakta ya zo da tarakta, in an girbe a sayar a zuba a asusun ƙungiya. Gayya ke nan, ba wani abu ba. Don haka in an zo maka neman gudummawa, kada ka ɗauka wani sabon iskanci ne yaran zamani suka ƙirƙiro. Manoman da suka fi mu taraktoci ma haka suke yi.

Ɗaya daga cikin garuruwan nan sunansa Hambolt, a lokacin mutanensa ba su cika 6,000 ba. Sunan ƙungiyarsu Broncos, wato dawakin da ba su san linzami ba. An kafa ta a 1970, rigarsu kore da ruwan ɗorawa, kuma sun taɓa cin kofin ƙasa baki ɗaya na ajinsu sau biyu, a 2003 da 2008. A wannan kaka da muke magana sun yi ƙoƙari, suka fitar da maƙwabtansu na garin Melfot, suka kai zagayen kusa da na ƙarshe. Nan suka haɗu da ƙungiyar garin Nifawin, masu suna Hawks, wato shahuna, waɗanda su ne suka zo na ɗaya a kakar. Wasa na huɗu a Hambolt aka yi shi, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai da aka yi ƙarin lokaci har sau uku kafin Nifawin ta jefa ƙwallon da ta raba gardama. Ya zama Nifawin na da uku, Hambolt na da ɗaya. Saura wasa na biyar a Nifawin, ranar Juma'a 6 ga Afrilu 2018. In Hambolt ta faɗi, kakarta ta ƙare.

Ranar nan da rana suka shiga motar safa, su 29. Akwai 'yan wasa, da masu horar da su, da mai duba lafiyarsu, da yaron da ke rubuta musu lissafin wasa, da ɗan rediyon garin da ke bin su duk inda suka je yana watsa wa mutanen gida yadda ake ciki. Can Nifawin kuwa an buɗe ɗakin wasa, iyaye da yawa sun kama hanya a motocinsu, wasu na gaba wasu na baya.

Wajen ƙarfe biyar na yamma, saura ɗan kaɗan su isa, suka iso wata mararraba a tsakiyar gonaki, inda hanya mai lamba 35 ta gitta mai lamba 335. Hanyar safa ce babba, ita ke da hannu. Ta ƙaramar hanyar kuwa sai ga tirela mai jan bodi biyu, ta yi lodin buhunan wata irin ƙasa da masu lambu ke amfani da ita. Doka ta ce ta tsaya cik a mararrabar. Ba ta tsaya ba. Ta shigo da gudun kusan kilomita 90 a awa, ta gitta gaban safa. Direban safa ya taka birki, amma ina, wuri ya ƙure.

Mutum 16 suka rasu, 13 suka ji rauni, wasunsu ba za su sake taka ƙafarsu ba. Cikin mamatan akwai 'yan wasa 10, da babban mai horarwa da mataimakinsa, da direban safa, da mai duba lafiya, da yaron lissafi, da ɗan rediyon nan. Jama'a, duk lokacin da na zo kan wannan na ƙarshe sai jikina ya yi sanyi, don na san aikin. Na san yadda mutum ke duba batir da waya tun a mota, yana shirya kalmomin da zai buɗe da su. Iyayen da ke biye a baya kuwa, wasunsu a kan hanya suka tarar da abin da idonsu.

Akwai wani abu da ya ƙara wa al'amarin ciwo. Yaran sun rina gashinsu launi ɗaya saboda zumuɗin gasa, ga su sa'o'in juna, ƙirar jiki ɗaya. Sai aka rikita biyu daga cikinsu. Aka ce wa wasu iyaye ɗansu ya rasu alhali yana kwance asibiti da ransa, wasu kuma suka yi kwana biyu gefen gadon yaron da suke zaton nasu ne, ashe nasu yana cikin mamata. Wannan fa a ƙasar da kowa ke da takarda da lamba.

To me ya sami direban tirela? Nan ne nake so ka buɗe kunne, Malam. Bincike ya nuna bai sha giya ba, bai sha ƙwaya ba, ba ya kuma riƙe da waya. Rana tana nan, hanya a bushe. Kafin mararrabar akwai alluna huɗu a jere masu gargaɗi, sa'an nan ga ƙaton allon tsayawa da fitila tana walƙiya a kansa. Duk bai gan su ba. Dalili, tamfol ɗin da ya rufe kaya ya kwance, iska tana kaɗa shi. Ya tsaya ya gyara a baya kaɗan, ya hau, amma hankalinsa ya zauna kan madubi yana leƙen tamfol. Kuma sabon hannu ne, 'yan makonni ke nan da fara jan irin wannan mota, aka sake shi shi kaɗai da bodi biyu a hanyar da bai sani ba. Da aka duba littafin da doka ta ce direba ya riƙa rubuta awoyin tuƙinsa da hutunsa, aka tarar da kurakurai birjik. A watan Janairu 2019 ya tsaya gaban kotu ya amsa laifinsa duka, bai wahalar da iyayen yaran da doguwar shari'a ba. Ran 22 ga Maris 2019 aka ɗaure shi shekara 8.

Tamfol fa. Wane ɗan kasuwa ne a cikinku bai taɓa zama gaban mota ba, ya ga direba yana tuƙi yana waiwayen lodi, ko yana leƙa madubi yana yi wa yaron mota faɗa kan igiya?

Bayan haka, mutanen ƙasar sun yi abin kirki. Cikin kwana 12 aka tara fiye da dalar Kanada miliyan 15 daga ƙasashe da dama don iyalan. Mutane suka riƙa jingine gorar wasa a ƙofar gida da dare don tunawa da yaran. Shugabannin gasar suka zauna kan ko a soke kakar, mutanen Hambolt da kansu suka goyi bayan a ci gaba. Aka yi wasan ƙarshe tsakanin Nifawin da garin Estaban, sai da aka kai wasa na bakwai, Nifawin ta ɗauki kofi. Ran 12 ga Satumba 2018 Hambolt ta dawo fili da sabuwar ƙungiya, da biyu daga cikin waɗanda suka tsira a cikinta. Da wa suka fara? Da Nifawin. Aka ci su biyu da ɗaya, ba wanda ya damu da wannan. Hukuma kuma ta gyara doka. Daga Maris 2019, a jihar nan ba mai karɓar lasin tirela sai ya yi horon awa 121 da rabi. Daga Satumba 2020, duk sabuwar safa ta doguwar tafiya a Kanada dole ta zo da bel a kowace kujera. Sai dai abin haushi, a mararrabar nan tak, mutum shida 'yan dangi ɗaya sun taɓa mutuwa a 1997. Gicciyen tunawa da su suna nan tsaye a gefen hanya ranar da safa ta iso.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne, can nesa. Ran Asabar 31 ga Mayu 2025, 'yan wasan Jihar Kano suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun, motarsu ta faɗa ƙarƙashin gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris su iso gida. Fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu samari da 'yan mata, har da ɗan jarida a ciki. Hukumar kiyaye haɗurra ta danganta abin da gajiya da gudu, bayan an kwana ana tafiya. Allah ya jiƙansu. Kuma waɗannan tawagar gwamnati ce, da mota mai kujeru. Ina ga namu na ƙauye?

Bari in tona wa kaina asiri. Kafin in shigo gidan rediyo na yi koyarwa a wata makarantar firamare ta ƙauye, ni ne kuma malamin wasanni don na fi sauran malamai ƙuruciya. Wata rana za mu wasa wani gari, na je tasha na yi cinikin a-kori-kura da wani dattijon direba da kowa ya yarda da shi. Ranar tafiya sai ga mota ta zo, amma yaron motarsa ne a kan sitiyari, wai maigida ya tafi ɗaurin aure. Na ga haka, raina bai so ba, amma yara sun riga sun ɗare, suna ta waƙa, lokaci kuma ya tafi. Na ji kunyar in ce a sauka. Mutum nawa ke bayan motar nan, wallahi ban ƙirga ba, don har da 'yan kallo da suka maƙale. A dawowa, magariba ta kawo kai, yaron nan yana sauri ya mai da mota kafin maigida ya dawo, sai muka faɗa wani rami, mota ta yi tsalle ta watsar da uku. Allah ya taƙaita, karaya ɗaya ce a hannu da ƙujewa. Amma abin da ba na mantawa shi ne, da muka tsaya cikin duhu ina kiran sunaye, ban san ko sun cika ba, don ban san su nawa na ɗauko ba. Sai da na bi gida-gida a daren nan ina sallama ina tambaya ko yaro ya dawo. Uban wanda ya karye bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi shi ya ɗauka tare da Malam suke. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na san wani zai ce in kwana ya ƙare ko a kan gado mutum yake sai ya tafi. Haka ne, ba mai musun wannan. Amma ban taɓa ganin wanda ya bar rumbunsa a buɗe ya ce in rabon awaki ne za su ci ba. Buhun masara ma in za ka aika da shi Katsina sai ka tambayi wane direba ne, ka rubuta suna a jikin buhu, ka karɓi lambar waya. Ɗan da ka yi shekara 17 kana ciyarwa bai kai buhun masara ba?

Don haka ga amsata, Malam. Ka bar shi ya yi wasa. Saurayin da ke da fili da yamma, da riga mai lamba, da abokan da za su neme shi in bai zo ba, ya fi wanda ke zaune bakin titi tun safe ba a san da wa yake hulɗa ba, balle a wannan zamani da muke ciki a yankinmu. Ka kuma ba da gudummawar. Amma kada ka miƙa kuɗi ka juya baya. Wanda ya ba da kuɗin mota yana da bakin tambayar wace mota ce. Ka je ka gan ta da idonka, ka duba taya, ka san direban da sunansa, a kuma yi sharaɗi tun wajen ciniki cewa in ya aiko yaronsa an fasa. Yawancin abin da ke sa a cusa yara 30 a motar mutum 15 ƙarancin kuɗi ne, to in ku iyaye goma kuka haɗa kwano bibbiyu na gero ko wake, an sami kuɗin mota ta biyu. Masu shago da 'yan kasuwar Lahadi su ma su sa hannu, ai in ana wasa a gari su ke sayar da ruwa da rake da ƙosai. 'Yan kallo kuwa su nemi tasu hanyar, motar 'yan wasa ba ta gayya ba ce.

A sami dattijo ɗaya, ba sa'ansu ba, wanda direba zai ji nauyinsa, ya zauna gaba. Aikinsa ke nan, in gudu ya yi yawa ya ce a rage, in an zo inda ƙaramar hanya ta haɗu da titin Katsina zuwa Jibiya ya ce a tsaya cik a duba, don manyan motocin da ke zuwa iyaka da lodi ba sa tsayuwa da wuri ko direba ya so. Kafin a tashi a rubuta sunan kowane yaro da na ubansa a takarda biyu, ɗaya ta bi mota, ɗaya ta zauna hannun mai unguwa. A ƙirga a tafiya, a ƙirga a dawowa.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce na fi jin tsoro. Mun saba sai bayan la'asar ake take wasa, a tashi da magariba, a kamo hanya cikin duhu, an ci ana murna ana buga jikin mota, ko an sha kashi ana jin haushi. Ku da ke Riko da Daddara da Bugaje ba sai na gaya muku abin da tafiyar dare take nufi ba a shekarun nan. Masu shirya gasa su zauna su mai da wasan waje na safe, ko da hantsi, kowa ya yi azahar a kan hanyar gida. In kuwa garin da nisa, a yi abin da manoman Saskacewan ke yi, wanda mu ma kakanninmu suka san shi tun kafin su: garin da ya karɓi wasa ya karɓi baƙi, kowane gida ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu su kwana, da safe a sallame su. In an zo naku garin ku rama. Wanda ya kwana ɗakinka ya sha furar gidanka da wuya ya ɗauki dutse ya jefi ɗanka don alƙali ya busa fanareti.

In shugabannin ƙungiyar suka ce duk wannan tsawaitawa ce, to a ranar ka riƙe ɗanka a gida, ka kuma gaya musu dalili a gaban sauran iyaye. Zai yi fushi, ya ƙi cin tuwo. Ka ƙyale shi, gobe zai ci.

Yaron kuma, na san kana ji, ko kana karanta wa Baba wannan shafi. Ka ci gardamar ƙanƙara, amma kada ka yi masa dariya.

Akwai wasiƙu biyu daga Ɗan Isa da Gurbin Ɓaure kan tsutsar da ke cin wake a rumbu, lokaci bai bar mu mun kai gare su ba, da su za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.